Sanarwar Doha kan TRIPS da Lafiyar Jama'a

Sanarwar Doha kan Yarjejeniyar TRIPS da Lafiyar Jama'a wata matsaya ce da ƙasashe mambobin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, suka amince da ita a ranar 14 ga Nuwamba, 2001, a taron ministoci karo na huɗu da aka yi a birnin Doha na ƙasar Katar. Sanarwar ta tabbatar da cewa dokokin kare haƙƙin ƙirƙira ba su hana wata ƙasa ɗaukar matakan kare lafiyar al'ummarta ba, musamman samar wa kowa magani. A lokaci guda kuma ta yarda cewa kare haƙƙin ƙirƙira yana da muhimmanci wajen samar da sababbin magunguna. Ita ce babbar madogara a duk muhawarar da ake yi kan yadda za a daidaita tsakanin sauƙin farashin magani da ɗorewar masana'antar haɗa magunguna.

Tushen matsalar

Haƙƙin ƙirƙira izini ne da hukuma ke bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu, ya zama shi kaɗai ke da ikon ƙera shi da sayar da shi na wani ƙayyadadden lokaci. Shi kuma sai ya bayyana wa duniya yadda ake yin abin. Idan wa'adin ya cika, kowa na iya ƙerawa.

A harkar magani wannan tsari yana da nauyi na musamman. Gano sabon magani da gwada shi a kan mutane yakan ɗauki shekaru goma ko fiye, kuma mafi yawan magungunan da aka fara gwadawa ba sa kai wa ga kasuwa. Amma da zarar an gano maganin, kuɗin haɗa ƙwayarsa ba shi da yawa. Kamfanin da ya kashe kuɗin bincike yana dogara ne da shekarun da yake da kasuwa shi kaɗai domin ya mayar da jarinsa ya kuma ci riba. A cikin waɗannan shekaru farashin yakan yi tsada, har ya fi ƙarfin marasa lafiya da gwamnatocin ƙasashe matalauta.

Idan wa'adin ya ƙare, wasu kamfanoni kan fara haɗa maganin gama-gari, wato magani mai sinadari da ƙarfi iri ɗaya da na asali amma ba ya ɗauke da sunan kasuwancin kamfanin farko. Maganin gama-gari ba jabu ba ne. Hukumomin kula da magunguna suna tantance shi kafin ya shiga kasuwa. Gasa tsakanin masu haɗa shi ita ce ke karya farashi.

Yarjejeniyar TRIPS

Kafin 1995 kowace ƙasa ce ke tsara dokar haƙƙin ƙirƙirarta yadda ta ga ya dace, kuma ƙasashe da dama ba sa ba da wannan haƙƙi a kan magunguna. Dokar Indiya ta 1970, alal misali, ta kare hanyar haɗa magani kawai, ba ta kare maganin kansa ba. Kamfanin Indiya na iya haɗa duk wani sabon magani muddin ya bi wata hanyar haɗawa ta daban. Wannan ne ya gina masana'antar magungunan gama-gari ta ƙasar.

Yarjejeniyar TRIPS, wadda aka sanya wa hannu a birnin Marakesh na Maroko a watan Afrilun 1994 ta kuma fara aiki tare da kafuwar WTO a ranar 1 ga Janairu, 1995, ta sauya wannan yanayi. Ta wajabta wa mambobi ba da haƙƙin ƙirƙira a dukkan fannonin fasaha, har da magunguna, na aƙalla shekara 20 daga ranar da aka shigar da takardar neman haƙƙin. An ba ƙasashe masu tasowa lokacin shiri. Waɗanda ba su taɓa kare magunguna ba, irin su Indiya, an ba su har zuwa 1 ga Janairu, 2005.

Yarjejeniyar ta bar wasu ƙofofi a buɗe. Sashe na 31 ya ba gwamnati damar ba da lasisin dole, wato ta bai wa wani kamfani izinin haɗa magani ba tare da yardar mai haƙƙin ba, bisa sharaɗin a biya shi diyyar da ta dace. Sashe na 6 kuma ya bar wa kowace ƙasa ta yanke hukunci kan sayo maganin asali daga wata ƙasar da ake sayar da shi da araha. Sai dai a shekarun farko ƙasashe masu tasowa sun ji tsoron amfani da waɗannan ƙofofi, saboda ba a fayyace iyakarsu ba, kuma akwai barazanar takunkumin ciniki daga manyan ƙasashe.

Abubuwan da suka kai ga taron Doha

Cutar ƙanjamau ce ta fito da matsalar fili. Daga 1996 an samu haɗin magunguna uku da ke danne ƙwayar cutar HIV, mace-mace suka ragu sosai a Amurka da Turai. Amma kuɗin maganin ya kai dala 10,000 zuwa 15,000 ga mutum ɗaya a shekara, alhali mafi yawan masu ɗauke da cutar suna Afirka kudu da Sahara.

A 1997 gwamnatin Nelson Mandela ta yi wa dokar magunguna ta Afirka ta Kudu gyara domin sauƙaƙa shigo da magani mai rahusa. A 1998 ƙungiyar masu haɗa magunguna ta ƙasar da kamfanoni 39 suka maka gwamnatin a babbar kotun Pretoria. Ƙungiyar masu fafutukar samun magani ta TAC, wadda Zackie Achmat da wasu suka kafa a ƙarshen 1998, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, sun jagoranci gangamin da ya ja hankalin duniya. A watan Afrilun 2001 kamfanonin suka janye ƙarar.

A Birazil kuma, dokar 1996 ta ba duk mai ɗauke da HIV damar samun magani kyauta, gwamnati ta dogara da kamfanonin cikin gida wajen rage farashi. Amurka ta kai ƙarar Birazil gaban WTO kan wani sashe na dokar haƙƙin ƙirƙirarta, amma ta janye a watan Yunin 2001. A watan Fabrairun wannan shekara, kamfanin Cipla na Indiya ƙarƙashin Yusuf Hamied ya yi wa MSF tayin haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. Wannan tayi ya nuna irin ratar da ke tsakanin kuɗin haɗa magani da farashin sayar da shi.

A watan Yunin 2001 Majalisar TRIPS ta yi zama na musamman kan samun magani, bisa buƙatar rukunin ƙasashen Afirka. Bayan 'yan watanni, a watan Oktoba, aka aika wasiƙu masu ɗauke da ƙwayar cutar anthrax a Amurka. Gwamnatin ƙasar ta nuna za ta iya tsallake haƙƙin kamfanin Bayer a kan maganin ciprofloxacin, kamfanin ya rage farashi zuwa santi 95 kan kowace ƙwaya. Hakan ya raunana hujjar ƙasashe masu arziki a Doha, tunda su ma sun nemi irin matakin da suke hana wasu.

Abin da sanarwar ta ƙunsa

Sanarwar gajeriya ce, sakin layi bakwai ne kacal. Na farko ya amince da girman matsalolin lafiya da ke addabar ƙasashe masu tasowa, ya ambaci ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro da sauran annoba. Na uku ya haɗa ɓangarorin biyu wuri guda: kare haƙƙin ƙirƙira yana da amfani ga samar da sabon magani, kuma akwai damuwa kan tasirinsa a kan farashi. Na huɗu shi ne jigon sanarwar, inda ya ce a fassara TRIPS a kuma aiwatar da ita ta hanyar da za ta goyi bayan 'yancin ƙasashe na kare lafiyar jama'a.

Sakin layi na biyar ya fayyace sassaucin da ƙasashe ke da shi. Kowace ƙasa na da 'yancin ba da lasisin dole, kuma ita ce za ta zaɓi dalilan bayar da shi. Kowace ƙasa ce za ta yanke abin da ya zama dokar ta-ɓaci a wurinta, kuma annoba na iya zama hakan. A irin wannan hali ba sai an fara neman yardar mai haƙƙin ba. Haka nan kowace ƙasa na da ikon tsara dokarta kan sayo maganin asali daga kasuwar da ta fi araha.

Sakin layi na bakwai ya ɗage wa ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba wajabcin kare haƙƙin magunguna zuwa 2016. A watan Nuwambar 2015 aka ƙara wa'adin zuwa 1 ga Janairu, 2033.

Matsalar sakin layi na shida

Lasisin dole ba ya amfanar ƙasar da ba ta da masana'antar haɗa magani, sai idan za ta iya sayowa daga waje. Amma sashe na 31 ya ce maganin da aka haɗa ta lasisin dole, mafi yawansa na kasuwar cikin gida ne. Sakin layi na shida ya amince da wannan giɓi ya kuma umarci a nemo mafita.

A ranar 30 ga Agusta, 2003 aka amince da tsarin da ya ba wata ƙasa damar haɗa magani ta lasisin dole domin fitarwa zuwa ƙasar da ke buƙata. A watan Disambar 2005 aka mayar da shi gyara na dindindin, ya fara aiki a ranar 23 ga Janairu, 2017 bayan kashi biyu cikin uku na mambobi sun amince. Shi ne gyara na farko da aka taɓa yi wa wata yarjejeniyar WTO.

Tsarin yana da sharuɗɗa da yawa. Dole a sanar da WTO sunan maganin da adadinsa, a kuma bambanta launi ko kwalinsa don kada a karkatar da shi zuwa wata kasuwa. A 2007 Ruwanda ta yi amfani da shi wajen sayo maganin ƙanjamau daga kamfanin Apotex na Kanada, wanda zai ishi kimanin mutum 21,000 na shekara guda. An kai kayan a 2008 da 2009. Kamfanin ya yi ƙorafin cewa hanyar ta yi wahala da jan lokaci, kuma masu suka suna kafa hujja da wannan misali wajen cewa tsarin bai cika manufarsa ba.

Yadda ƙasashe suka yi amfani da sanarwar

Bayan Doha ƙasashe da dama sun ba da lasisin dole ko izinin amfanin gwamnati a kan magungunan ƙanjamau. Daga cikinsu akwai Zimbabuwe da Malesiya da Indonesiya da Mozambik da Zambiya da Gana. Tailan ta ba da lasisi a kan efavirenz a ƙarshen 2006, sannan a farkon 2007 a kan lopinavir da ritonavir da kuma clopidogrel na ciwon zuciya. Kamfanin Abbott ya mayar da martani da janye takardun neman rajistar wasu sababbin magungunansa daga ƙasar. A watan Mayun 2007 Birazil ta ba da lasisin dole a kan efavirenz bayan tattaunawar farashi da kamfanin Merck ta ci tura.

A Indiya an ba da lasisin dole na farko a watan Maris 2012, inda aka ba kamfanin Natco izinin haɗa sorafenib, maganin sankarar hanta da ƙoda na kamfanin Bayer. Kuɗin maganin wata guda ya sauko daga kusan rupi 280,000 zuwa ƙasa da rupi 9,000, aka kuma ɗora wa Natco biyan Bayer kashi 6 cikin ɗari na cinikinsa, daga baya aka ɗaga zuwa kashi 7.

Indiya ta kuma yi amfani da wani sassauci na daban, wato 'yancin ƙayyade abin da ya cancanci a kira shi ƙirƙira. Gyaran dokarta na 2005 ya hana ba da sabon haƙƙi a kan sabon fasalin tsohon magani, sai idan an nuna ya fi na da inganci wajen warkarwa. A ranar 1 ga Afrilu, 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta yi watsi da ƙarar kamfanin Novartis kan maganin sankarar jini na Glivec bisa wannan sashe. Manufar dokar ita ce hana kamfanoni tsawaita mallakarsu ta hanyar ƙananan sauye-sauye.

Lasisin dole bai tsaya ga ƙasashe masu tasowa ba. A 2017 kotun ƙoli ta tarayyar Jamus ta tabbatar da lasisin dole a kan maganin ƙanjamau raltegravir.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Kamfanonin da ke binciken magani suna cewa yawan tsallake haƙƙinsu zai rage kuɗin da ake zubawa a bincike, wanda zai cutar da marasa lafiya na gobe. Wani nazari na jami'ar Tufts ta Amurka da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta kuɗin samar da sabon magani guda a kan dala biliyan 2.6, idan aka haɗa da asarar magungunan da suka faɗi gwaji da kuɗin jari. Suna kuma nuna cewa mafi yawan magungunan da ke jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya wa'adin haƙƙinsu ya daɗe da ƙarewa, amma duk da haka ba sa isa ga talakawa saboda raunin asibitoci da haraji da tsadar rarrabawa.

Masu fafutukar samun magani suna jayayya da wannan ƙiyasi, suna cewa kamfanoni ba sa bayyana ainihin kuɗin da suke kashewa, kuma wani babban kaso na binciken farko da kuɗin gwamnatoci da jami'o'i ake yin sa. Suna kuma cewa kasuwannin ƙasashe matalauta ƙaramin kaso ne na cinikin manyan kamfanoni, don haka sassauta musu ba zai kashe bincike ba. Hujjarsu ta uku ita ce cututtukan da suka fi kama talakawa, kamar ciwon barci da leishmaniasis, ba su jawo jari ba duk da akwai kariyar haƙƙi. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar DNDi a 2003 domin binciken maganin irin waɗannan cututtuka ba don riba ba.

Lasisin son rai da farashi hawa-hawa

Bayan Doha an samu hanyoyin sulhu da suka fi lasisin dole yawan amfani. A 2010 ƙungiyar Unitaid ta kafa wata cibiya mai suna MPP a birnin Jeniba, wadda ke karɓar lasisi daga masu haƙƙi ta rarraba wa masu haɗa maganin gama-gari domin sayarwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Kamfanin Gilead ya shiga a 2011, kamfanin ViiV ya ba da lasisin dolutegravir a 2014. A 2017 aka sanar da yarjejeniyar sayar da ƙwaya ɗaya mai haɗin magunguna uku, har da dolutegravir, a kan kimanin dala 75 ga mutum a shekara. Saukar farashi, tare da kuɗaɗen Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya da aka kafa a 2002 da shirin PEPFAR na Amurka na 2003, ta sa masu shan maganin HIV suka haura miliyan 30 a 2023.

Maganin ciwon hanta nau'in C, sofosbuvir, ya nuna amfani da kuma iyakar wannan hanya. A Amurka an sa kuɗin maganin mako 12 a kan dala 84,000, amma Masar ta samu a kan kimanin dala 900 a 2014, Gilead kuma ya ba kamfanonin Indiya lasisi. Sai dai an bar ƙasashe masu matsakaicin arziki da yawa a wajen lasisin, abin da ya sa Malesiya ta ba da izinin amfanin gwamnati a 2017.

A ɗaya ɓangaren, wasu yarjejeniyoyin ciniki tsakanin ƙasashe biyu-biyu, musamman da Amurka da Tarayyar Turai, sun ƙunshi sharuɗɗan da suka zarce TRIPS, kamar tsawaita wa'adin haƙƙi da hana amfani da bayanan gwajin kamfanin asali wajen rajistar maganin gama-gari na wasu shekaru. Masu suka suna ganin waɗannan sharuɗɗa suna rufe ƙofofin da Doha ta buɗe.

Lokacin annobar korona

A watan Oktoban 2020 Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi WTO ta jingine wasu sassan TRIPS a kan alluran rigakafi da magunguna da kayan gwajin korona. An shafe kusan shekara biyu ana ja-in-ja. A ranar 17 ga Yuni, 2022, a taron ministoci karo na 12 a Jeniba, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ta Najeriya ke shugabantar ƙungiyar, aka amince da matsaya mai iyaka. Ta shafi alluran rigakafi kawai, na tsawon shekara biyar, ta kuma sassauta sharaɗin fitarwa waje. Annobar ta nuna cewa haƙƙin ƙirƙira ba shi kaɗai ba ne shinge. Haɗa allurar rigakafi yana buƙatar sirrin sana'a da ƙwararru da masana'anta, waɗanda lasisin dole ba ya bayarwa. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyar koyar da fasahar mRNA a birnin Cape Town a 2021.

Matsayin Najeriya da maƙwabtanta

Nijar da Chadi suna cikin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, don haka wa'adin 2033 ya shafe su. Amma su biyun, tare da Kamaru, mambobi ne na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke ba da haƙƙin ƙirƙira guda ɗaya da ke aiki a dukkan ƙasashenta ƙarƙashin Yarjejeniyar Bangui. An soki gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a 1999 da cewa ya ɗora wa matalautan mambobi sharuɗɗan da WTO ba ta wajabta musu ba tukuna, aka sake yi mata gyara a 2015. Gana da Sudan suna cikin ƙungiyar ARIPO mai hedikwata a Harare.

Najeriya ba ta cikin rukunin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba. Dokarta ta haƙƙin ƙirƙira ta 1970 ta tanadi lasisin dole da amfanin gwamnati. Babbar matsalar ƙasar, kamar sauran ƙasashen yankin, ita ce dogaro da magunguna da sinadaran haɗa su daga waje, musamman daga Indiya da Sin, ta yadda farashi ke bin darajar kuɗi. Domin haɗa kan tsarin rajistar magunguna da ƙarfafa masana'antun nahiyar, Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar kafa Hukumar Magunguna ta Afirka a 2019. Yarjejeniyar ta fara aiki a watan Nuwambar 2021, aka kuma zaɓi birnin Kigali na Ruwanda a matsayin mazaunin hukumar.